Korayen tsuntsaye sun mamaye min mazubin abinci a Landan: in ci gaba da ba su ko in daina?

Maman Hanif, Hounslow:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Shawara nake nema wurin waɗanda suka san tsuntsaye. Da sanyi ya shigo na rataye mazubin abinci guda biyu a jikin itacen da ke bayan gidanmu, ɗaya na ragar ƙarfe da ake cika shi da gyaɗa, ɗaya na roba mai 'yan ƙofofi da nake zuba 'ya'yan sanfulawa. Saboda ƙananan tsuntsaye na saya, don yara su riƙa kallo ta tagar kicin. To yanzu wasu korayen tsuntsaye masu jan baki da doguwar wutsiya sun gano wurin. Da farko biyu ne ke zuwa, yanzu da gari ya waye sai gungu guda ya sauka, wani lokacin sun fi goma.

Ba zan ɓoye muku ba, ina son su. Jiya na tsaya ina kallon wani ya maƙale a jikin ragar kansa a ƙasa, ya zaro gyaɗa, ya koma reshe ya riƙe ta da ƙafa ɗaya yana kai wa baki kamar yaro da guntun rake, yana ɓare jan ɓawon yana zubarwa. Idan rana ta haska wutsiyar sai ka ga shuɗi-shuɗi ta sama, ƙasanta kuma ruwan ɗorawa. Amma abinci ba ya kwana, sun cinye bakin mazubin robar, ƙananan tsuntsayen sun rage zuwa, kuma maƙwabciyata ta fara yi min maganar hayaniyarsu. Hoton na nan ƙasa. In ci gaba ko in sauke?

Kawu Manomi, Haɗeja:
Wa alaikumus salam. 'Yata, wannan ai tsirya ce. Ikon Allah, har can ta je? Mu nan da ita muka tashi. Da kaka idan dawa ta fara nuna, ita da jan-baki ne ke hana yara zama a gida, sai an tura su gona da gwangwani da majajjawa. Ke kina saya mata abinci da kuɗinki, mu muna korar ta. Abincin wani gubar wani.

Hajiya Babba, Croydon:
Maman Hanif, ki sauke. Na riga ki zama a ƙasar nan, kuma na ga yadda abin yake ƙarewa. Wanda ke gefen gidana ya yi shekaru yana zuba musu, har ta kai ba ma shanya a waje saboda kashi, kuma ɓawon da suke zubarwa ya jawo ɓeraye ƙarƙashin shingen katako. Tun kafin fitowar rana suke fara ihu, mai aikin dare bai isa ya runtsa ba. Zaman lafiya da maƙwabci ya fi kallon tsuntsu. Kuma ki tuna mu baƙi ne, ƙaramin abu sai a ce mutanen nan ne.

Ɗalibin Tsuntsaye, Jos:
Kawu ya yi gaskiya, jinsi ɗaya ne da tsiryarmu, amma da ɗan bambanci da zai amfane mu a wannan magana. Masana sun raba jinsin gida huɗu. Biyu a Afirka suke: tamu, wadda ta bazu daga Senegal ta bi ta Nijar da arewacin Najeriya da Chadi har Sudan, sai wata ta wajen Habasha da Eritriya. Biyu kuma a Asiya, ɗaya a Pakistan da arewacin Indiya da Nepal, ɗaya a kudancin Indiya da Sri Lanka. Na Landan yawancinsu jikokin na Asiya ne da aka riƙa shigowa da su a keji.

Anti, ki duba bakin da kyau a hotonki. Ja ne jawur, kuma babba. Na tamu ya fi duhu, ƙarshensa da leɓen ƙasa baƙi ne, jikinta ma ya ɗan fi ƙanƙanta. Tsawon tsuntsun wajen santimita 40 ne, fiye da rabi wutsiya ce. Wanda ke gefen dama mai baƙin zare daga haɓa da ruwan hoda a bayan wuya namiji ne da ya balaga, zoben ba ya fitowa sosai sai ya kai kamar shekara uku. Marasa zoben ko mata ne ko matasa, da ido kaɗai da wuya a raba su.

Maman Hanif, Hounslow:
Na gode ƙanena. Yanzu na gane abin da nake gani. Mai zoben nan shi ke fara sauka, sauran su jira a reshe, sai ya ƙoshi. Idan wani ya matso sai ya buɗe baki, ƙwayar idonsa ta tsuke ta zama ɗan ɗigo, farin ya fito. Amma ta yaya tsuntsun ƙasar zafi yake jure wannan sanyin? Ni da rigar sanyi biyu nake fita cika mazubin.

Ɗalibin Tsuntsaye, Jos:
Na arewacin Indiya da Pakistan sun saba da sanyi, har gindin tsaunukan Himalaya ana samun su. Sannan birni ya fi ƙauye ɗumi. Na uku kuma, irin mazubinki ne. Lokacin da itatuwa suka kaɗe babu 'ya'ya, gyaɗa da sanfulawar bayan gidaje ke riƙe su. Duk da haka sanyi mai tsanani yana cin yatsunsu, za ki iya ganin wani da guntun yatsa.

An fara tabbatar da sun yi sheƙa a waje a Ingila a 1969, a yankin Kent. Ƙiyasin da aka yi na 2016 ya ce sun kai wajen ma'aurata 12,000 a Birtaniya, mafi yawa a Landan da kewayenta. Akwai labarai da ake yaɗawa, wai wani mawaƙi ne ya saki biyu, ko sun tsere daga wurin ɗaukar fim, ko guguwar 1987 ce ta fasa kejuna. Wani bincike da aka wallafa a 2019 ya bi diddigin wuraren da aka riƙa ganin su, ya nuna ba daga wuri ɗaya suka fito ba. Mutane ne suka yi ta saki a hankali shekara da shekaru, musamman lokutan da jaridu suka tsorata jama'a da zazzaɓin aku, cutar da mutum ke ɗauka daga dangin aku, wajen 1930 da kuma shekarun 1950.

Ɗan Zango, Brussels:
Salam. Mu ma nan Beljiyam suna nan da yawa. A 1974 mai wani wurin shaƙatawa da ake kira Meli ya saki kamar arba'in don birnin ya yi kyau, yau dubbai ne. Idan ka tsaya wajen dandalin Simonis da ke nan Brussels dab da magariba za ka ga suna shigowa ƙungiya-ƙungiya, ƙasa-ƙasa, da gudu, suna ihu, duk su taru a kan 'yan itatuwa kaɗan su kwana. Ni a Kumasi na girma, ban san ta ba sai nan. Na je Cologne a Jamus na same su, Amsterdam ma haka. Ni dai ina ganin tsuntsun da ya kai shekara hamsin a gari ya zama ɗan gari. Hajiya, da girmanki, amma in muka ce baƙo ne don haka kar a ba shi, me za mu ce da kanmu?

Hajiya Babba, Croydon:
Ɗana, ban ce a hana shi don baƙo ne ba. Cewa na yi yana cutar da mutanen da ke kusa. Kar ka haɗa mutum da tsuntsu. Mutum yana da hankalin da zai san haƙƙin wanda ya tarar, tsuntsu cikinsa kawai ya sani. Wanda ya rataye abincin shi ke da alhakin.

Ustaz, Leicester:
Bismillah. Duka ɓangarorin suna da hujja a addini, kar a ɗauki ɗaya a jefar da ɗaya. Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa babu Musulmin da zai dasa itace ko ya yi shuka, tsuntsu ko mutum ko dabba ya ci, face an rubuta masa sadaka. Kawu, har dawar da tsirya ta ci maka ba ta tafi a banza ba. Don haka niyyar Maman Hanif mai kyau ce, kuma tana koya wa yara tausayi. Amma haƙƙin maƙwabci wajibi ne, ciyar da tsuntsun da zai iya nema wa kansa kuwa neman lada ne. Idan neman ladan ya zama cutarwa ga wanda ke jikin katangarki, sai a gyara yadda ake yi. Ban ce a daina ba, na ce a gyara. Kuma ki je ki sami maƙwabciyar taki da kanki, ki ji abin da ya fi damun ta, kafin ta kai ƙara wurin hukuma.

Mai Kanari, Kano:
Ni tambayata daban ce. Tunda sun yi yawa har sun zama fitina, me zai hana Maman Hanif ta kama biyu ta sa a keji? Yara su samu abin wasa, kuma idan an same ta tana ƙarama tana koyon magana, ko da ba ta kai aku ba. Nan kasuwa kuɗi ake sawa a saya. Can ga su kyauta har bakin taga.

Lauya, Manchester:
Malam, kar ta soma. Dokar kare namun daji ta 1981 ta hana kama tsuntsun da ke rayuwa a waje ko ɗibar ƙwansa, kuma tsirya na ciki duk da ba 'yar asalin ƙasar ba ce. Ita dokar kuma ta hana sakin ta, wato wanda ke da ita a keji ya gaji ya buɗe mata ƙofa ya yi laifi. Tun 2010 an sa ta cikin tsuntsayen da ake iya ragewa a Ingila a ƙarƙashin izini na gama-gari, amma da sharuɗɗa, kamar manomin da take lalata wa amfani bayan ya gwada korar ta. Wannan bai ba kowa damar ɗana tarko a bayan gida ba. Ciyarwa kuwa babu dokar ƙasa da ta hana. Inda matsala ke tasowa shi ne idan abin ya jawo ɓeraye ko ƙazanta har ƙaramar hukuma ta shigo, ko kuma idan gidan haya ne kuma takardar haya ta hana. Maman Hanif, ki duba takardarku.

Mai Kanari, Kano:
To na ji ta dokar Turawa. Amma ajiye tsuntsu a keji ba haramun ba ne, Ustaz na nan. Ƙanen Anas yana da ɗan tsuntsunsa a Madina, Annabi (SAW) har yana tambayar sa labarinsa. Ni shekara da shekaru ina kiwo, ban taɓa barin tsuntsu da yunwa ko ƙishirwa ba.

Ustaz, Leicester:
Hadisin ya inganta, kuma malamai sun kafa hujja da shi a kan halascin ajiyewa idan za a kula da ci da sha. Ba na musu da kai a nan. Amma mazaunin ƙasa yana bin dokar da ya shiga a kanta.

Kawu Manomi, Haɗeja:
Mai Kanari, tunda ka taɓo kasuwa bari in faɗa maka yadda take zuwa kasuwar, don a gabana ake yi. Tsirya ba ta saƙa sheƙa, kogon itace take nema, kuka ko gawo ko tsohuwar tsamiya. Yara su gano kogon, su jira 'ya'yan su fara gashi, su hau su zura hannu su kwashe duka. In kogon ya yi zurfi su sare bakinsa da gatari, shi ke nan wurin ya lalace, baɗi babu mai shiga. Cikin waɗanda aka kwasa, nawa ne ke kai wa Kano da rai? Ana ɗura musu kunu da tsinke, wasu su shaƙe, wasu zafi ya kashe su a kwali.

Na ce muku muna korar ta daga dawa, gaskiya ne. Amma ban taɓa fatan ta ƙare ba. Da ina yaro, idan ɓaure ya nuna a bakin fadama, kukansu kaɗai zai gaya maka. Magarya, kanya, goba, mangwaro, duk suna bi. Yanzu manyan itatuwan an mai da su gawayi, sai ka yi kwanaki ba ka ji ta ba. Shi ya sa da na ga hoton nan na daɗe ina kallo. Tsuntsun da ke raguwa a gonata shi ne ya yi wa wasu yawa a Landan.

Mai Kanari, Kano:
Kawu, Allah ya ba ka haƙuri, ban musa ba. Ni kanari na fi kiwo kuma a gida suke ƙyanƙyasa. Amma a yi adalci, yaron ƙauye da ya kwashi 'ya'yan tsirya talauci ne ya kai shi. Mai sare itacen ma haka.

Ɗalibin Tsuntsaye, Jos:
Maganar kogo da Kawu ya kawo ita ce ainihin abin da ke damun masana a Turai ma, ta ɗaya fuskar. Tsirya tana fara neman wurin ƙwai da wuri, tun Janairu zuwa Maris, kafin tsuntsayen ƙasar su shirya. Takan yi ƙwai uku zuwa huɗu, kwanci kamar sati uku, 'ya'yan su yi wajen sati bakwai kafin su tashi. Duk wannan lokacin kogon na hannunta. A Beljiyam, ƙasar Ɗan Zango, an yi bincike an ga inda ta yi yawa wani ƙaramin tsuntsu mai bin jikin itace da ke sheƙa a kogo yana raguwa. A Seville ta Sifaniya abin ya fi muni. A lambun María Luisa akwai wani babban jemage da ba kasafai ake samun irinsa ba, tsirya ta riƙa kai masa hari tana ƙwace kogunan, har yawan itatuwan da yake zaune ya faɗi ƙwarai. A Ingila dai har yanzu ba a ga ta rage wani tsuntsu a faɗin ƙasa ba, saboda akwai tsofaffin itatuwa da yawa a manyan lambuna irin su Richmond Park na Landan.

Abin da Anti ta lura da shi a mazubinta kuma an gwada shi. A wani bincike na 2014 a Landan an ajiye tsirya a keji kusa da mazubai a gidaje, aka ga ƙananan tsuntsaye sun rage zuwa, waɗanda suka zo ma sun fi ɓata lokaci wajen waige-waige a kan ci. Ba sai ta kore su ba, ganin ta kaɗai ya isa.

Ra'ayina, Anti, kar ki sauke gaba ɗaya, amma ki daina ciyar da gungu. Ki raba wurin biyu. Ana sayar da mazubi mai kejin ƙarfe a kewaye, ƙananan su shige ta ramukan, babba ya kasa. Ki sa sanfulawar a irin wannan, kusa da shinge mai ganye inda za su iya ɓuya. Ita kuma tsirya ki ba ta abu kaɗan a can nesa, wanda zai ƙare cikin ɗan lokaci. Idan suka ga wurin ba ya ƙosar da goma, da kansu za su ragu.

Hajiya Babba, Croydon:
Kaɗan ɗin nan ne ba na yarda da shi. Kowa da kaɗan yake farawa. Ita ma da biyu ta fara.

Maman Hanif, Hounslow:
Hajiya, gaskiyarki ce da biyu aka fara, amma lokacin cika mazubin nake yi duk sanda ya ƙare. Ina ganin abin da ya tara su ke nan. Wane abinci ne ya dace da su in ba gyaɗa ba? Yara suna ta roƙo su ba su burodi da ragowar shinkafa.

Dakta, Birmingham:
Ni ta fuskar lafiya zan shigo, don ita ce aka fi mantawa. Na farko, abin da ba a ba su ko kaɗan: fiya, wato avokado, guba ce ga dangin aku, tana iya kashe su. Cakulan ma haka. Duk abin da ke da gishiri, har soyayyar gyaɗar da muke ci, a bar shi. Shinkafar da ta ji mai da magi ba abincinsu ba ce, burodi kuma cika ciki ne kawai. Gyaɗa ki sayi wadda aka tanada don tsuntsaye, kuma in ta jiƙe ta fara fumfuna ki zubar, domin fumfunar gyaɗa na fitar da gubar da ke lalata hanta. Idan lokacin 'ya'ya ya zo, kar a bar gyaɗa guda-guda a fili, sai cikin raga. Abu mafi sauƙi shi ne tuffa. Ki raba ta biyu, ki cire 'ya'yan cikin, ki soke a reshe. Ba ta barin ɓawon da zai kira ɓera.

Na biyu, wanki. Mazubi wuri ne da tsuntsaye da yawa ke sa baki a rami ɗaya. Tun 2005 wata cutar maƙogwaro ta bazu a tsakanin ƙananan tsuntsayen Birtaniya ta hanyar yawu a abinci da ruwa, ta yi wa wani koren ɗan tsuntsu mai cin tsaba mummunar ɓarna har a 2021 aka sa shi a jerin waɗanda ake tsoron ƙarewarsu. Saboda ita ne ƙungiyar kare tsuntsaye ta Birtaniya, RSPB, ta dakatar da sayar da faffaɗan teburin abinci a farkon 2025. Ki riƙa wanke mazubin duk sati, a waje ba a kicin ba, da safar hannu da burushin da ba a amfani da shi a komai, ki ɗauraye, ya bushe sarai kafin ki zuba sabo. Ruwan sha a sauya kullum. Ki riƙa matsar da wurin ratayewa don kar kashi ya taru a ƙasa ɗaya. In kika ga tsuntsu ya kumbura gashi, yana zaune ba ya tashi, abinci na maƙale masa a baki, ki sauke komai na wasu makonni. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Na uku, yaran. Zazzaɓin aku da aka ambata gaskiya ne, ƙwayar cuta ce da ake shaƙa daga busasshen kashi da ƙurar gashi, tana kama huhu. Ba ta da yawa kuma tana jin magani, amma mai ciki da tsoho da mai raunin garkuwar jiki su bar wa wani aikin sharar. A jiƙa wurin kafin a share. Duk wanda ya taɓa mazubi ya wanke hannu da sabulu.

Amarya, Wembley:
Dakta, to mu da muke zuwa lambun Kensington Gardens a Landan muna miƙa musu tuffa suna sauka a hannu fa? Wallahi ranar da ɗaya ya sauka min a yatsa na ji ƙafarsa da ɗumi, yatsu biyu gaba biyu baya, ya riƙe ni gam. Ban taɓa kusantar tsuntsun waje haka ba.

Dakta, Birmingham:
Na san daɗin da ake ji, ƙanwata. Amma bakin da ke fasa gyaɗa yana fasa fata, kuma ga murar tsuntsaye da ke yawo a 'yan shekarun nan. Ba zan so a koya wa na bayan gida sauka a hannu ba. Wanda ya saba da hannunki zai sauka a kan ɗan maƙwabta da bai shirya ba.

Baban Yasmin, Jidda:
Nan Saudiyya ma akwai su, a Jidda da Riyad, kan dabino. Abokin aikina ɗan Indiya ya nuna min bidiyon wani mai gyaran kyamara a birnin Chennai da ya yi shekaru yana jera jiƙaƙƙiyar shinkafa a kan katakai a saman gidansa, dubban tsirya na sauka safe da yamma. Ya ce a ƙasarsu ajiye ta a keji laifi ne a dokar 1972, amma ciyar da ita a sake abin yabo ne. Sai dai manoman sanfulawa da masara na can ba sa ƙaunar ta, kamar dai Kawu.

Kawu Manomi, Haɗeja:
A'a, ni ban ce ba na ƙaunar ta ba. Ta ci nata in ci nawa. Mai dabara yana ɗaure kan dawar bakin gona da ganye ko ya sa yara na makonnin da ake buƙata, shi ke nan. Jan-baki ne masifa, ita tsirya ba ta zuwa dubu-dubu a nan.

Ɗalibin Tsuntsaye, Jos:
Kawu, in ba damuwa, duk sanda ka ga kogon da suke shiga ka turo min sunan itacen da watan da ka gani. Akwai aikin taswirar tsuntsayen Najeriya da cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI da ke nan Jos take jagoranta, kuma bayanai daga arewa mai nisa ake fi buƙata. Ba sai an faɗi wurin a fili ba, saboda masu kwasa. Anti, ke ma a ƙarshen Janairu RSPB na yin ƙidayar awa ɗaya ta tsuntsayen bayan gida, tun 1979 ake yin ta. Ki zauna da yara ku rubuta mafi yawan da kuka gani lokaci guda na kowane iri. Da irin wannan ake sanin ko suna ƙaruwa.

Maman Hanif, Hounslow:
Na dawo da bayani. Na bi shawarar Ustaz na ƙwanƙwasa ƙofar maƙwabciyata. Ashe mijinta ne ba shi da lafiya, ɗakinsa na kallon itacen, kuma hayaniyar sassafe ce ke tashinsa. Ta ce da rana ba ta damu ba, shi ma yana son kallonsu. Don haka na sauke ragar gyaɗar, na sayi mai kejin na sa wa ƙananan. Tsirya kuwa tuffa ɗaya nake soke musu a can ƙarshen lambun bayan na dawo daga kai yara makaranta, ba da asuba ba. Kwanakin farko sun zo da safe sun yi ta ihu a kan wurin da ragar take, ɗaya har ya hau kejin yana gwada kowane rami da baki. Yanzu uku zuwa huɗu ke zuwa, mai zoben na cikinsu. Ƙananan tsuntsayen nan masu shuɗin kai sun dawo.

Hajiya Babba, Croydon:
Madalla da kika je kika same ta, wannan ya fi komai. Ni dai ina nan kan bakana, da babu tuffar ma ya fi. Idan lokaci ya yi suka fito da 'ya'ya ki dawo ki ba mu labari. Allah ya ba maigidanta lafiya.

Ɗan Zango, Brussels:
Amin. Ni a hawa na huɗu nake, baranda kawai gare ni, kuma akwai mutane a ƙasana. Akwai yadda zan yi, ko in haƙura da kallonsu a Simonis?

Dakta, Birmingham:
A baranda duk abin da ya faɗi kan na ƙasa zai sauka, ɓawo da kashi. Ka fara tambayar su da mai gidan. In sun yarda, ɗan mazubi mai mannewa a gilashin taga da sanfulawar da aka riga aka ɓare ya ishe ka, ƙanana ne za su zo. Tsirya kam ka bar ta sai ka je lambu.